Jatan Landen da Kyanwa Ta Ƙi Ci

Bu Casmi muguwa ce, babu amfanin a sakaya maganar. Shekara bakwai tana jiƙa kwantan jatan lande a ruwan maganin da ake zuba wa gawa don kada ta ruɓe, tana sayar wa mutane su kai wa iyalinsu. Da abin ya tashi tona mata asiri, sai ta ɗauki laifin ta ɗora wa yarinyar da ke rumfar da ke kallon tata. 'Yan kasuwar da suka sani suka yi shiru, su ma da nasu kason a cikin zunubin.

Yarinyar sunanta Warsini, 'yar Pak Kadnawi masunci. A can Pak ake ce wa dattijo, Bu kuma babbar mace. Uwarta ta rasu tana da shekara goma sha biyar, ta bar mata rumfa da tire biyu da kasko ɗaya a wata kasuwar bakin teku gabas da garin Cirebon. Da asuba uban zai shigo da abin da komarsa ta kamo. Ita kuma ta wanke, ta jera a kan ƙanƙara, ta wuni da mafici a hannu tana korar ƙuda.

Wata Talata wata a-kori-kura maƙare da kabeji ta yi baya-baya ta faɗa kududdufin da ke gaban rumfar, ruwan laka ya fantsamo mata a tire. Direban ya sauko yana murmushi, abin da ya ƙara mata haushi.

"A kan dutsenku ba a koya muku duba madubi ne?"

"Yi haƙuri, Neng," ya ce, yadda ake kiran budurwa a wajensu. "Ban gan ki ba."

"Ba ka gan ni ba, ba ka ga rumfa ba, ba ka ga kasuwa ba. To me idonka yake gani?"

"Yanzu dai ya ga wani abu," in ji shi.

"Mayar da shi kan kabejinka."

Sunansa Tatang. Daga wani ƙauye a gefen dutsen Ciremai yake sauko da amfanin gonar ubansa, Talata da Alhamis. Ya zaɓo kabeji biyu masu nauyi ya ajiye mata a matsayin ban haƙuri. Ta ce ita ba akuya ba ce. Amma ba ta mayar masa ba.

Al'adarta ce kullum bayan la'asar ta yi wa ubanta abincin dare a bayan rumfa kafin ta tashi, domin idan ta isa gida gajiya ba ta barinta ta hura wata wuta. Ranar ta cire kawunan jatan landen da ya rage, ta jefa su a mai mai zafi, ta danne da ludayi har man ya yi ja, sannan ta tsame su. Ta zuba tafarnuwa da ƙananan albasa da barkono, ta gutsuro ɗan terasi, daddawar jatan landen da babu gidan da ba ta a garin. Jatan landen ya shiga, yana lanƙwashewa ta watsa kabejin, ta juya da ƙarfi a kan wuta mai ci. Kafin a gama kiran salla ɗaya an sauke.

Ta ɗago kai sai ga Tatang tsaye.

"Nawa ne kwano?"

"Ba na sayarwa ba ne. Na babana ne."

"Rabin abin da ke cikin kaskon nan daga gonarmu ya fito."

"Rabin da ba shi da daɗi."

Duk da haka ta zuba masa kaɗan a ganyen ayaba da 'yar shinkafa. Ya ci a tsaye, har ya suɗe yatsa.

"A gidanmu dafa kabeji ake yi har ya mutu murus," ya ce. "Ban taɓa sanin yana da ƙaras-ƙaras a baki ba."

"Ku shuka abu, ku rasa yadda ake cinsa. Allah ya kyauta."

Daga ranar, duk Talata da Alhamis kabeji biyu na sauka a rumfarta, ita kuma tana ƙara hannu a kasko ba tare da ta ce don wa ta ƙara ba. Wata uku aka yi kafin ta ba shi lambar wayarta. Saƙonsa na farko ya shigo tana wanke tire.

"Neng sarauniyar kasko, na iso gida lafiya. Har yanzu bakina yana yaji, zuciyata ma haka."

Ta amsa, ta kira shi yadda budurwa ke kiran saurayi a wajensu: "Ka sha ruwa, Kang. Zai wuce."

"Ba na so ya wuce."

Ta rubuta: "To ranar Alhamis ka zo da wuri. Kuma ka duba madubi."

Pak Kadnawi bai yi murna ba da ya ji. Ya ce shi bai ga abin da mutumin da ko iyo bai iya ba zai tsinana wa 'yar masunci ba, kuma mutanen dutse kallon masu ƙarni suke yi wa mutanen bakin ruwa. Warsini ta ce Tatang ba haka yake ba.

"Shi ba haka yake ba, Nok," in ji uban, yadda mutanen bakin ruwa ke kiran 'ya mace. "Uwarsa fa?"

Ya faɗi gaskiya. Da Tatang ya kai maganar aure gida, uwarsa Ema Onih ta ce sai ta sauko ta ga yarinyar da idonta. Ta zo wata Alhamis a gaban a-kori-kura, da tsumman goge hannu a jaka, ta toshe hanci tun daga bakin kasuwa.

Warsini ta miƙe, ta kama hannunta ta kai goshi don gaisuwa. Ema Onih ta janye hannun ta goge. Idonta yana kan tire, inda ƙudaje ke sauka suna tashi duk da maficin.

"Wannan mutane ke ci?"

"Na yau ne, Bu. Da asuba babana ya kamo shi."

"Na ga alama. Ƙudajen ma sun shaida."

Daga rumfar da ke kallonsu Bu Casmi ta miƙe tana fara'a. Ta jima tana lissafin gonar su Tatang da a-kori-kurarsa, kuma tana da 'ya mai suna Yuyun wadda ke wuni a rumfa tana danna waya.

"Bu, ƙaraso nan ki zauna, kada ƙuda ya cinye ki. Yuyun, tashi ki ba baƙuwa kujera."

Ema Onih ta tsallaka. Tiren Bu Casmi fes yake, jatan lande manya-manya, jikinsu tauri, suna sheƙi, ko ƙuda ɗaya babu.

"Kin ga tsafta," in ji Ema Onih da ƙarfi don a ji.

"Tarbiyya ce, Bu. Yarinyar da ta tashi babu uwa, wa zai koya mata? Ni dai tausayinta nake ji."

Duk matan layin sun ji, kuma duk sun san dalilin da ya sa ƙuda ba ya sauka a tiren nan. Yaron goye a bakin ruwa ya san cewa abin da ƙuda ya guje wa, mutum ma ya guje masa. Amma ƙanen Bu Casmi ne ke raba ƙanƙara a kasuwar, kuma duk wadda ta yi faɗa da yayarsa sai ta wayi gari babu ƙanƙara. Saboda haka kowace ta sunkuyar da kai. Warsini ma ta haɗiye maganarta. Wannan shiru laifi ne, kuma ita ce ta fara ɗanɗana sakamakonsa.

Kafin su tafi, Warsini ta ƙunsa ƙananan jatan lande mafi kyau a tirenta cikin ƙanƙara ta ba Tatang ya kai gida. Abin da ita da Tatang ba su gani ba, Ema Onih ta riga ta sayi ƙunshi guda a wurin Bu Casmi ta tura ƙasan jakarta.

Ranar Juma'a da rana saƙo ya shigo.

"Neng, muna asibiti da Baba. Tun jiya yake amai, maƙogwaronsa yana ƙuna. Ema ma ba ta jin daɗi. Jatan lande suka ci."

Kafin ta gama karantawa wani ya biyo.

"Ki gaya mini gaskiya, ba zan yi fushi ba. Na ranar ne?"

Ta zauna a kan akwatin ƙanƙara. Ta rubuta: "Wata shida kana ci daga hannuna, Kang. Yau kake tambayata?"

"Tambaya kawai na yi."

"Ka samu amsa. Kada ka ƙara kawo mini kabeji."

Labarin ya riga ya isa bakin kasuwa, domin Ema Onih ta karɓi lambar Bu Casmi, kuma da abin ya faru Bu Casmin ta fara buga wa waya. Bu Casmi ta gane nan take ƙunshin wa ya yi ɓarna. Mai tsoron Allah zai ruga ya faɗi abin da ya zuba don likita ya san abin yi. Ita kuwa sai ta bi layi-layi tana riƙe baki.

"Kun ji abin da 'yar Kadnawi ta yi? Ruɓaɓɓe ta ba surukanta, tsoho yana can rai a hannun Allah. Ni dama na faɗa, ƙazanta ba ta ɓuya."

Masu gidajen abinci biyu da ke saye a wurin Warsini suka koma rumfar Bu Casmi. Matan unguwa suka riƙa wucewa suna kauda kai. Kwana takwas tana komawa gida da tire cike. Pak Kadnawi yana shanya abin da ya dawo a rana don a yi terasi. Sau ɗaya kawai ya ce, "Na gaya miki." Ita kuwa ba cinikin ne ya fi ci mata rai ba. Sunanta ne, da sunan uwarta da ake taunawa a baki.

Tatang ya zo ranar Talata da kabeji biyu. Ta bar su a ƙasa har ya gaji ya ɗauke. Yuyun ta leƙo ta ce, "Kang, mu muna cin kabeji." Bai ko waiwaya ba.

Asabar da safe ya sake turo saƙo, dogo.

"Neng, an sallami Baba, da sauƙi. Na san ba za ki amsa ba. Ema ta ce ko sunanki kada in sake kira. Ni dai na kasa cin abinci. Ko kyanwarmu ta fi ni, ranar nan ta cinye kawunan ƙananan tas, manyan ne kawai ta shinshina ta bari. Ki yafe mini tambayar da na yi."

Warsini ta karanta, ta sake karantawa. Sai ta kira shi, karo na farko cikin kwana takwas.

"Waɗanne manya?"

"Na'am? Neng, ke ce?"

"Ka ce kyanwa ta bar manyan. Ni ƙanana na ba ka. Ranar ko babba ɗaya babu a tirena."

Ta ji numfashinsa.

"Akwai manya a kaskon," ya ce a hankali. "Masu tauri kamar roba. Su ne Ema ta tsince ta zuba wa Baba, ta ce su ne masu kyau. Ni ƙananan na ci."

"Kai kuma ba abin da ya same ka."

"Ba abin da ya same ni."

"Ranar Talata ka kawo mini Ema. Ko ta so ko ta ƙi."

Ema Onih ta zo, fuska a murtuke. Ta amsa wa ɗanta cewa ta sayi ƙunshi a wurin Bu Casmi, amma ta ce wannan ai shi ne mai tsafta, kuma ta zo ne don a daina wahalar da ita da maganar 'yar ƙudaje. Pak Kadnawi ma ranar bai koma gida ba. Ya zauna a bayan rumfa yana gyaran koma.

Warsini ta miƙa wa Ema Onih kwano biyu.

"Bu, ki ɗiba a tirena da hannunki. Ki je ki saya a can da hannunki. Ni ba zan taɓa ba."

Bu Casmi ta fara zargin wani abu, amma mutane sun taru, kuma ba ta da hujjar hana mai saye. Ta auna tana dariyar yaƙe.

"Me za a yi, wasan yara?"

"Ajiye su a ƙasa, Bu," in ji Warsini. "Nesa da juna kaɗan."

Kasuwar kifi ba ta rasa kyanwoyi. Wata ramammiya mai guntun wutsiya ta fito daga ƙarƙashin teburi, ta nufi kwanon manyan domin shi ne kusa da ita. Ta kai hanci, ta ja baya, ta yi atishawa, ta kewaye shi. Ta faɗa wa kwanon Warsini. Wasu biyu suka zo, suka yi yadda ta yi. Ƙudaje suka rufe kwano ɗaya, ɗayan yana nan yana sheƙi a rana, ba mai kula shi.

"Kyanwa za ta yi mini shari'a?" in ji Bu Casmi. "Ƙazama ta san ƙazama, shi ke nan."

Warsini ta hura wuta ta ɗora kasko. Ta cire kawunan manyan ta jefa a mai, ta danne da ludayi. Man bai yi ja ba. Wani tururi ya taso mai yaji a ido, Ema Onih da ke kusa ta ja baya tana tari.

"Wannan warin," ta ce. "Shi na ji a kicin ranar. Na ɗauka haka na teku yake."

"Na teku ba haka yake ba, Bu." Warsini ta yanka kabeji ta watsa, ta juya, ta zuba a faranti, ta tsallaka ta ajiye a gaban Bu Casmi. "Naki ne, Bu Casmi. Mai tsafta. Bismilla."

"Na ƙoshi."

"To Yuyun ta ci."

Yuyun, wadda ba ta san komai a duniya ba sai wayarta, ta miƙa hannu. Uwar ta buge hannun har farantin ya kife.

Sai wata tsohuwa mai sayar da kaguwa ta ce, "Jarkar maganin tana ƙarƙashin teburinta, bayan buhun gishiri. Shekara bakwai." Da bakin mutum ɗaya ya buɗe, sai ga kowa ya zama mai gaskiya. Wannan ta ce ta sani, waccan ta ce ta daɗe tana zargi. Babu wadda ta ji kunyar kwanakin da ta yi tana kauda kai.

Ema Onih ta tsaya tana murza tsummanta. Ba mace ba ce da ta saba ba da haƙuri, kuma ba ta iya ba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba tun ranar?"

"Da na faɗa za ki yarda, Bu? Kin goge hannunki bayan na taɓa shi."

Tsohuwar ta dubi tsumman, ta tura shi cikin jaka.

"A wurinmu," ta ce, "abin da ƙuda ya hau shi ne ƙazanta."

"A wurinku kabeji ake sayarwa," in ji Pak Kadnawi daga baya, bai ɗago daga komarsa ba.

Ema Onih ta juya ga Warsini. Can ta ce, "Ki dafa mini irin wanda ɗana yake ba ni labari. Da naki."

Warsini ta wanke kaskon sau uku da toka. Man ya yi ja, ƙanshin terasi ya cika layin. Tsohuwar ta ci a tsaye kamar yadda ɗanta ya yi ranar farko.

"Kabejin bai nuna ba," ta ce. Ta miƙo ganyen a ƙara mata.

Tatang ya matso kusa da kasko, ya rage murya.

"Neng."

"Ban gama fushi da kai ba."

"Zuwa yaushe?"

"Ka tambaye ni ko na ranar ne. Wannan sai na yi shekara ina tuna maka."

"Ki tuna mini a gidana."

Ta zuba masa, kuma ta tsince masa jatan lande fiye da na kowa.

Da yamma ya turo: "Sarauniyar kasko, Ema ta ce a tambayi Pak Kadnawi ranar da za mu zo."

Ta amsa: "Ya ce bayan Babbar Salla. Ya ce kuma ka koyi iyo, Kang."

An ɗaura auren a masallacin bakin ruwa. Mutanen dutse suka sauko da a-kori-kura uku, ɗaya kabeji ne zalla. Mahaifin Tatang, wanda ya rame amma ya miƙe, ya dafa kan amarya ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai tsoronsa, ya sa abin da za su ci da wanda za su ciyar ya zama halal. Pak Kadnawi ya ce amin, ya juya yana goge ido da hularsa. Warsini ba ta bar rumfar uwarta ba. Suka kama gida kusa da kasuwa, kuma har yau bayan la'asar kaskon yana kan wuta, sai dai yanzu Tatang ne ke yanka kabejin, tana yi masa faɗa ya cika kauri.

Ita kuwa Bu Casmi, jami'an duba abinci sun zo washegarin ranar kyanwoyi, suka gwada tirenta, suka ɗauke jarkar. Aka rufe rumfar, aka soke sunanta daga kasuwar, aka karɓe rabon ƙanƙara daga hannun ƙanenta. Kotu ta ɗaure ta shekara biyu. Da ta fito ta kasa gyaɗa a bakin tasha, babu wanda ya saya.